Tsibirin Kwali

Kwali, gam da tsinken sakace, su Jidda ta ce a sayo mata. Sai kuma takarda ruwan lemo, falle ɗaya tak. Mahaifiyarta Rakia ta sayo ba ta tambayi dalili ba. Makarantun Amurka dai ba sa gajiya da ɗora wa iyaye aikin yanke-yanke.

An ce kowane ɗan aji huɗu ya zaɓi wani wuri a tarihi ya gina shi. Sauran yara suka yi rububin dalar Masar. Ita kuwa 'yar Rakia sai ta ɗauko tsibirin Norfolk, wani ɗigo can tsakiyar tekun Fasifik, inda Turawan Ingila suka jibge fursunoni tun zamanin da, su sare daji su yi noma.

Da jin kalmar fursuna gaban Rakia ya faɗi. Shekara guda ke nan mijinta Hamissou yana kurkuku, tun hatsarin da ya yi da tasi. Shi ya roƙe ta, har da hawaye, kada 'yarsa ta sani. Sai ta ce wa yarinyar Baba ya tafi Maraɗi jinyar Kaka. Idan ya kira, takan faɗa banɗakin ɗan gidan hayarsu na Hyattsville ta saki famfo, har na'urar kurkukun ta gama zuba Turancinta na sanar da inda kiran ya fito, sannan ta fito da fara'a ta miƙa wayar. A ganinta ƙarar ruwa tana rufe komai.

Kullum da yamma Jidda tana manna tsinke tana ba da labari da Turanci, don Hausa ji kawai take yi, ba ta mayarwa. Wai jirgin da suka dogara da shi ya fashe a kan duwatsu, yunwa ta sa su cin tsuntsayen teku. Rakia tana "to, to", zuciyarta tana ƙuna. Abin da ya ɗan sanyaya mata rai shi ne yarinyar ta daina tambayar yaushe Baba zai dawo.

Ranar nuni Rakia ta nemi izini a wurin aiki ta je. Ga tsibiri a kan tebur, ga bukkoki, ga mutanen takarda toka-toka sun duƙa a gona. Malamar aji sai yabo take yi.

Can idon Rakia ya kai bakin teku. Mutum ɗaya yana tsaye shi kaɗai, ya ba gonar baya, yana kallon ruwa. Rigarsa ruwan lemo ce, irin ta fursunonin Amurka. A kansa an manna ɗan ƙyalle mai shuɗin zare, daga hular Juma'ar Hamissou da Rakia ta bari a kabad.

Rakia ta juyo ta dubi 'yarta. Jidda ta kama hannunta ta jawo ta ƙasa, ta raɗa mata da Hausar da take tuntuɓe:

"Mama, kar ki faɗa wa Baba na sani. Zai ji kunya."