Kunnen 'Yardada

Ilu wanzami ya riga ya buɗe zabirarsa a zaure, yana wasa aska. A cikin gida kuwa jaririn Mero sai tsala kuka yake, kwana biyu ke nan ba sassauci.

"Beli ne," in ji surukarta Turai. "A cire masa, kowa ya huta."

Mero ta ƙanƙame ɗanta. Ɗanta na fari ma haka aka ce, aka cire, jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar an kai shi makwanci. Ta roƙi arziki ɗaya: a jira 'Yardada ungozoma.

Duk unguwar Zaitawa an san kunnen 'Yardada. Kukan yunwa daban, in ji ta, ana yi ana hutawa, baki na lalube. Na ciwon ciki kuwa ƙafa ake naɗewa. Aibinta ɗaya, girman kai: ka gaishe ta a lungu, ko waiwaye.

Sai da azahar 'Yardada ta iso. Turai na bin ta a baya da mita, tsohuwa ko a jikinta. Ta karɓi yaro, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, ta ƙura wa bakinsa ido. Wata ta yi tuntuɓe da tasa, kowa ya zabura, ita ko gezau.

Daga zaure Ilu ya ɗaga murya, wai ana jiransa a Ƙofar Nassarawa fa. Turai ta miƙo hannu za ta ɗauki jikanta.

'Yardada ta make hannun. "Wannan kuka ba na maƙogwaro ba ne. Wuri guda ke cinsa."

Ta kware zanen, ta bi jikin gaɓa-gaɓa. Ai kuwa ga shi: siririn zare, irin wanda Turai ke kaɗi, ya naɗe ɗan yatsan ƙafa, ya nutse cikin nama, yatsan ya kumbura suntum. Ta sa aka karɓo askar Ilu, ta tsinke zaren. Yaro ya yi ajiyar zuciya, ya kama nono.

Mero na hawaye ta ce, "Inna, wane irin kunne Allah Ya ba ki?"

'Yardada ta riga ta juya baya tana yafa mayafi. Ta fice ba ta tanka ba. Turai ta ja tsaki.

Ba wanda ya sani, tun shekarar sanƙarau, shekara bakwai ke nan, 'Yardada ba ta ƙara jin sautin komai a duniya ba, har kukan yaron nan.