Abin da ke Tsakanin < da >

"Gyara manhajar binciken rahotanni ta karanta komai," in ji shugaban kamfani. "Har abin da ke tsakanin < da >."

Injiniya ya dubi allo. Shi ya saita manhajar tana tsallake abin da ke tsakanin alamomin nan, kuma shekara uku ke nan a cikinsu yake ɓoye zagin manaja a rahotanni. Ga manaja tsaye a kansa.

Injiniya ya gyara.

Shugaba ya ja kujera, ya gwada da kalmar "shugaba". Sakamako ɗari biyu suka fito. Na farko: <shugaba bai iya komai ba sai sa hannu>. Marubuci: manaja.

"Yallaɓai," manaja ya ce a hankali, "ai shi ya sa na ce aikin nan ba na gaggawa ba ne."