Wayar da Tahiru Ya Sa Aka Ɗaure

Tahiru tafintan kumandan ne a barikin Nasara, nan Damagaram, kuma shi ne na farko a unguwarsu da ya hau babur nasa na kansa. Tsohon babur ne, wani Bafaranshe mai kanti ya gama cin moriyarsa ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Amma ku zo ku ga taƙama! Maƙwabta sun ce sai ya goge babur sau biyu kafin ya tambayi matarsa yadda ta kwana. Ni dai ji na yi.

Saura kwana biyu ya tafi Tirmini ya nuna wa mahaifiyarsa Hajjo abin hawansa, sai wayar mai ta tsinke. Ita ce siririyar wayar nan da ke tasowa daga mariƙin hannun dama ta gangara cikin karbirater, inda inji yake shan isansi, wato fetur. In ka murɗa hannu ta ja, babur ya zabura. In ka saki ta koma, ya lafa.

Ya tura babur ɗin unguwar Zongo wurin Illa, tsohon soja da ya koyi gyara a motocin bariki. Illa ya zura sabuwar waya cikin kubenta, ya ɗiga mata mai, ya bi da ita ta ƙarƙashin tanki, ya bar mata lanƙwasa sako-sako a gaban wuyan babur. Ya ta da inji, ya juya kan babur hagu, ya juya dama, yana sauraro. Ƙarar ba ta canja ba.

Tahiru ya yamutsa fuska. "Mene ne wannan yake reto kamar hanjin akuya?"

Illa ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin sakewarta ke nan. In aka matse ta, kan babur ne zai riƙa ja maka ita, ba hannunka ba."

"Yanzu ni za ka koya wa kayan Nasara? Ni da nake jin bakinsu?"

Daga nan ya wuce Birni wurin Suma'ila baduku. Suma'ila gwanin jaka ne da kuben takobi, amma bai san komai a sha'anin inji ba. Ya naɗe wayar da jar fata, ya ɗame lanƙwasar nan, ya ɗaure ta tamau a ƙahon babur da jikin ƙarfen tanki, ya rataya mata tuntaye. Gaskiya ta yi kyau, kamar amarya.

Da safiyar tafiya Tahiru ya biya ta wurin Illa a ƙara wa taya iska. Illa na ganin ɗaurin ya zaro wuƙa zai yanke. Kafin ya kai hannu, Tahiru ya zabga masa bulalar dorina a fuska. Ya ƙara, ya ƙara, har kunnen Illa ya tsage, jini ya jiƙe masa wuyan riga. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Wa zai riƙe hannun tafintan kumandan?

Illa yana durƙushe ya ce, "Dukan na sha, ya wuce. Amma don Allah, yanzu da kake tsaye, juya kan nan hagu har ƙarshe ka ji."

"Ka ji da kunnenka," in ji Tahiru. Ya buga babur ya tafi.

Hanyar Tirmini ba ta da kwana mai tsanani. In ya ɗan karkata sai inji ya yi gurnani shi kaɗai, Tahiru kuwa ya ce a ransa lafiya ce ta yi masa yawa.

Da hantsi ya isa. Mata sun cika bakin rijiya, don Hajjo ta kwana uku tana shelar zuwansa gida-gida. Ga ta nan a gaba da ƙwaryar fura, tana rangaɗa guɗa.

"Ɗan'autana! Tsaya mana in gan ka!"

Bai tsaya ba. So yake ya kewaye rijiya kowa ya ga jar fatar. Ya karya kan babur hagu har ƙarshe.

Babur ya yi wata irin ƙara ya ɗaga gaba. Tahiru ya saki mariƙin, amma wayar tana ɗaure, ta ƙi komawa. Babur ya ratsa cikin mata, tuluna suka tarwatse, ya haye ƙafar wata mai goyo, ya daki Hajjo a ƙirji ya maka ta da gungumen bakin rijiya. Sannan ya kife a kan mai shi, ya ja shi cikin yashi, bututun hayaƙi yana cin naman cinyarsa. Taya ba ta daina juyawa ba sai da wani manomi ya sara wayar da gatari.

Hajjo ba ta kai azahar ba. Shi kuwa a kan raƙumi aka dawo da shi gidan likita, aka yanke ƙafar daga cinya. Kafin sati ya zagayo kumandan ya sami wani tafinta. Suma'ila ya yi wata guda yana rantsuwa a kasuwa cewa shi ado kawai aka ce ya yi.

Jama'a, in mai sana'a ya ce a bar abu yadda ya ajiye shi, ku bar shi, ko da bai yi muku kyau a ido ba. Girman kai ya hana Tahiru juya kan babur sau ɗaya yana tsaye, ya je ya juya shi a kan uwarsa.