Yashi a Gadon Baya

Da aka kira sunan wanda aka zaɓa, ba na Oga ba ne. Na tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya tsinto a Yelwa yana sayar da rake.

Tun kafin a ƙirƙiro jihar Taraba, babu wanda ya taɓa kai bayan Oga ƙasa a gasar kokawa. Alƙalan da suka zo daga Legas zaɓen masu horar da 'yan wasan ƙasa kuwa, jarrabawa ɗaya suka yi. Kowa aka ba shi ɗan dako daga Kasuwar Jalingo, aka ce ya koya masa kokawa cikin awa guda.

Oga ya kayar da nasa sau tara, don su ga gwaninta. Ɗalibin kuwa sai faɗuwa yake, ɗan dako na kan ruwan cikinsa yana dariya.

 Oga ya ratsa taro har gaban teburin alƙalai.

"Ranka ya daɗe, wanda ya sha ƙasa kuka ɗauka? Ku dubi bayansa fa!"

Babban alƙalin ya ce, "Naka ya tafi gida yana ɗingishi. Nasa yana tambayar ƙarfe nawa za a dawo gobe." Ya dubi ɗalibin. "Kai, wa ya koya maka haka?"

Ɗalibin ya rusuna. "Oga ne. Ranar da na fara zuwa, sau uku ya bari na kayar da shi. Shi ya sa na dawo."

Oga ya kai hannu ya shafa nasa gadon bayan. Ko ƙwayar yashi babu.