Na Ƙasan Jeri

Ƙin tambaya shi ya kayar da shugaban sashe. Dokarsa ɗaya ce: cikin fayilolin manhaja masu lamba, wanda ke ƙasan jeri shi ne sabo, shi yake ɗorawa a saba, babbar na'urar kamfani.

Sau uku manhaja tana faɗuwa, sau uku yana zagin injiniyar da ta gyara ta. Ranar nan, a gaban mai kamfani, ya daka mata tsawa: "Ina gyaran? Tattara kayanki!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wace lamba kake ɗorawa?"

"Tara mana, ta ƙasa! Ni za ki koya wa aiki?"

Ta juyo da allo. Ashe kwamfuta ta jera gyare-gyaren injiniyar uku, goma, sha ɗaya da sha biyu, can sama, ƙarƙashin ɗaya, don duk da 1 lambarsu ta fara.

Abu uku ya rasa: kujera, mabuɗin ɗakin saba, da gaisuwar masinja.