Ranar da San Blas Ya Buɗe Hannu

Saura kwana tara a yi bikin waliyyi San Blas muryar Aling Puring ta ɗauke. Ta buɗe baki za ta kira kajinta, sai iska kawai ta fito.

Ba ƙaramin lamari ba ne. Shekara talatin da ɗaya ita ke jan waƙar waliyyin a cocin ƙauyenmu duk ranar uku ga Fabrairu, baiti goma sha takwas, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Babu wanda ya tuna ranar da aka naɗa ta. Masunta dai sun ce in hazo ya rufe teku, da muryarta suke gano gaɓa.

Likitan birni ya leƙa maƙogwaron, ya ce ta yi shiru wata guda. Ta rubuta masa a bayan takardar magani cewa San Blas ma likita ne, kuma ya girme shi da shekara dubu da ɗari bakwai. Da gaskiyarta. Bishop ne da aka fille wa kai saboda addininsa, daga baya aka damƙa masa kula da maƙogwaron jama'a. Coci bai ga abin dariya a nan ba.

Mutanen gari sun nuna halin kirki. Maƙwabciyarta Sioning ta riƙa zuwa kullum da kofin ƙanƙara da madara.

"Shanye, ƙawata, har ƙasa. Sanyi ai shi ke kwantar da kumburi."

Citta kuwa, wadda aka saba dafa wa mai shaƙewar murya, ta ɓace daga kasuwa a makon. Aka ce laifin ruwan sama ne.

Ranar biki ta zo. A al'adarmu, wanda waliyyin ya biya wa buƙata yakan bi jerin gwano ba takalmi, silifas rataye a kugu, kuma ba a tambayarsa abin da ya roƙa. A shekara mai albarka akan samu mutum shida ko bakwai. Bana titi ya cika da tafin ƙafa. Mai kaɗa molon coci ba takalmi. 'Yan mawaƙa duka ba takalmi. Mijin Aling Puring, Mang Tibo, wanda rabonsa da ibadar Misa a coci tun ranar aurensu, yana kan gaba yana taka tsakuwa kamar katifa. Ko limamin cocin, Fada Teryo, da iska ta ɗaga masa riga, an ga yatsu.

Aling Puring ta duba, zuciyarta ta yi ƙarfi. Ta rubuta a allon da ta rataya a wuya: "Bana hannunsa a buɗe yake. Ni ce zai manta?"

"Haba Puring, kar ki matsa wa bawan Allah," in ji Mang Tibo. "Mutum ya yi aiki, a bar shi ya huta mana."

Bayan Misa aka ja layin sa albarka. Fada yakan gitta kyandir biyu a maƙogwaron kowa ya yi addu'a, kuma ba a kunna su. Aling Puring ta zo da nata, kowanne ya kai rabin filafilin kwalekwale, tana ganin matacciyar wuta ba ta isa ciwo irin nata ba. Ta kunna su da kanta.

"Aling Puring, ba haka ake yi ba," Fada ya ce a hankali.

Ta nuna wuyanta. Fada ya haura saba'in, hannunsa na rawa ko da cokali ya riƙe. Ya karanta addu'ar da saurin da ba a san shi da shi ba, saura kalma biyu, narkakken kyandir ya ɗiga mata a wuya.

"Wayyo Allah na!" Aling Puring ta kurma ihu.

Tattabaru suka watse daga rufin coci. Ta dafe ƙirji, ta yi gyaran murya, ta sake gwadawa. Komai na nan, har da ƙari.

"Mu'ujiza!" ta ce. "Tibo, ka ji? Ta dawo!"

"Na ji," in ji Mang Tibo. "Har a tsibirin can ma sun ji."

Sioning ta fashe da kuka. Fada ya daɗe yana kallon fuskar gunkin waliyyin, kamar mai jiran bayani. Aling Puring ta juya ta fuskanci jama'a, ta cika huhu, ta ɗauko baitin farko.

Kafin ta kai na biyu Mang Tibo ya kwance silifas ɗinsa ya zura, mu ɗari uku muka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, don ashe duk abu guda muka roƙa.