Tawadar da Ta Hau Alli

"Yi min abin nan da kake nuna wa 'yan makaranta," in ji Inna, ta ajiye masa wasiƙa da alli biyu a kan tabarma.

Babban ɗanta ne, malamin kimiyya a Dutsin-Ma. Duk ƙarshen wata yakan zo Birchi ya karanta mata wasiƙar ƙanensa da ke bakin daga a yaƙin basasa. Ta taɓa ganin ya ɗiga baƙar tawada a gindin alli, ya tsayar da shi cikin ruwa kaɗan, ruwan ya hau yana rarrabe ta launi-launi. Ya ce mata kowace tawada da nata jerin.

Bai iya yi mata musu ba. Ya jiƙa kalma ɗaya ta wasiƙar, ya dangwala a alli guda. Ta zare alƙalamin aljihunsa, ta ce ya ɗiga a ɗayan.

Ya tsayar da su cikin ruwa, suka zuba ido. Shuɗi ya tsaya ƙasa, ja ya wuce shi, rawaya ya haye sama. Allin biyu suka fito iri ɗaya sak.

Wata bakwai ke nan da labarin rasuwar ƙanen nasa ya iske shi, wata bakwai yana rubuta wasiƙun da hannunsa. Ya sunkuyar da kai.

"Tun kaka na gane," ta ce a hankali. "Yaron nan bai taɓa tambayar ciwon ƙafata ba, kai ne mai tambaya." Ta gyara mayafinta. "Faɗa min ranar da ya cika, Malam. Ina son in yi masa addu'ar da ta dace da shi."